A Bar Mini Laifin Ɓauna

Zacharie Viché,
Ɗalibin shekara ta uku,
Makarantar Jinya ta Tsamiya Biyu,
Garuwa.

Litinin, 2 ga Yuni, 1980.

Zuwa ga
Mai girma Dokta Goni Abakura,
Babban Sufeton Makarantun Jinya na Arewa,
Garuwa.

GAME DA: Ƙorafi a kan cire sunana daga jarrabawar ƙarshe, da matsin da ake yi mini in musanta laifin da na riga na yi zaman kaso a kansa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta ƙarami ga babba, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk masu aiki a ƙarƙashinka, ina roƙon ka ba ni kaɗan daga lokacinka.

Na san ƙa'ida ita ce ɗalibi ya rubuta da Faransanci, ya miƙa ta hannun makarantarsa. Na saɓa duka biyun ina sane, ina kuma neman gafara. Takardar Faransanci sai ta kwana a tebur uku kafin ta iso naka, kuma tebur na farko na mutumin da nake ƙara ne. Bara da ka zo rangadi, na ji ka a ɗakin mata kana yi wa wata tsohuwa faɗa da Hausa saboda ta tara ƙwayoyin maganinta a ƙarƙashin matashi maimakon ta sha. Tun ranar na san za ka karanta wannan da kanka, ba sai an kira tafinta ba. Hausata ta kasuwa ce da ta bakin gadon marasa lafiya, ba a cikinta aka haife ni ba, a yi mini afuwa duk inda ta yi tuntuɓe.

Maganar a taƙaice ita ce, ranar Litinin 16 ga wannan wata 'yan ajinmu za su zauna jarrabawar da za ta mai da su cikakkun ma'aikatan jinya, ni kuwa an cire sunana. Dalilin da aka bayar shi ne an taɓa ɗaure ni. An kuma gaya mini cewa za a mai da sunan idan na yarda na ce ba ni na yi laifin ba. Na san abin zai zo maka a baibai, domin wanda aka saba gani yana ƙorafi shi ne wanda ke neman a wanke shi. Ni roƙona a bar mini laifina yadda alƙali ya ba ni shi.

Asalin maganar

Ni ɗan dutse ne, kirista. A shekarar 1974 aka kwaso mu daga ƙauyukanmu na kan duwatsu a manyan motoci, gida talatin da wani abu, aka sauke mu a sabuwar ƙasa gabas da kogin Binuwai, aka ce mu sare daji mu noma auduga da dawa. Wurin ya samu suna Wuro-Sigal. A kan dutse, manyan maƙiyan gona su ne biri da akuyar maƙwabci. Ba wanda ya zaunar da mu ya gaya mana cewa bayan gonakinmu gandun daji ne na gwamnati, kuma dabbar da ke cikinsa ta fi manomi gata. A watan Oktoba na 1975, dawa ta nuna tana jiran yanka, wata ɓauna ta mai da gonakinmu wurin kiwonta. An kaɗa gwangwani, an hura wuta, an kai kuka wurin masu gadin daji, suka ce a ci gaba da kaɗa gwangwani. Rannan da safe aka ji ƙarar bindiga, aka je aka tarar da ita kwance a bakin rafi. Ba zan ɓoye maka ba, duk garin ya ci nama, har da ni.

Bayan 'yan kwanaki masu gadin daji suka zo da jandarmomi, suka ce a ba su mutum ɗaya kafin rana ta faɗi, in ba haka ba su kwashe magidanta gaba ɗaya. A nan dole in gaya maka wani hali namu, tun da shi aka riƙe yanzu ake neman shaƙe ni da shi. Mu a dutse, in hukuma ta zo neman mutum a lokacin girbi, tsofaffi ba sa fara tambayar wa ya aikata. Abin da suke tambaya shi ne, wane ne gari zai iya jure rashinsa har a gama yankan dawa. Haka kakanninmu suka yi zamanin aikin tilas, haka muka taso muka tarar. Ranar an zauna a gindin ƙirya, kowa ya sunkuyar da kai. Ni shekarata kamar ashirin, na gama lakwal, wato makarantar firamare ta mishan, ba mata, ba ɗa, ba rumbu. Na miƙe tsaye. Ba wanda ya kira sunana, ba wanda ya tura ni. Abin da ya faru ke nan, ba ni da ƙari a kansa.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1975, na tsaya gaban alƙali na ce ni na harbe ta, da wata bindiga da na tsinta a daji, na kuma jefa bindigar a kogi don tsoro. Alƙali ya yanke mini wata shida. Na yi su cif, ba a rage mini ko yini ɗaya ba.

A gidan kaso na samu wannan aiki, ba a wani wuri ba. Akwai wani dattijo malamin asibiti da ke duba fursunoni, Baba Léon, wanda idonsa ya fara rauni. Da ya ga ina iya karanta rubutun jikin kwalba sai ya roƙa aka ba shi ni. Na wanke masu atuni, na juya waɗanda kwanciya ta ci wa baya, na koyi dafa allura da ɗaure ciwo, na kuma rufe wa mutum huɗu ido. Kafin in fita na riga na san abin da nake so in yi da sauran rayuwata, kuma Baba Léon ne ya ce in nemi makarantar jinya.

A shekarar 1977 na ci jarrabawar shiga. Cikin takardun da ake nema akwai kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa ɗaure mutum. Mutane da dama sun ba ni shawara in nemi hanyar da za ta fito fara, na ƙi. Na miƙa ta yadda take, da ɓaunarta a kai. Darektar lokacin, Madam Léontine, ta karanta ta a gaban kwamiti ina tsaye. Sun yi mini tambayoyi har ƙafata ta gaji, suka fitar da ni, suka dawo da ni, ta ce sun duba sun ga laifin bai shafi sata ba, bai shafi magani ba, bai shafi cutar da ɗan Adam ba, saboda haka sun karɓe ni. An rubuta wannan a littafin zaman kwamiti na watan Satumba, 1977. Fiye da shekara biyu ban sake jin maganar a bakin kowa ba, sai bayan da aka yi wa Madam Léontine canjin wurin aiki zuwa Ngawundere, aka kawo sabon darekta da sabon mataimakinsa mai kula da ɗalibai, Musiye Louis Dangwé. A kansa nake wannan ƙorafi, ga kuma abubuwan da suka faru bi da bi.

1. Ranar 14 ga Janairu na wannan shekara, Musiye Louis ya kira ni ofishinsa, ya ce in ajiye makullin kabad ɗin magani na ɗakin maza, wanda ɗaliban shekara ta uku ke riƙewa bi da bi. Ya ce wanda ya taɓa cin sarƙa ba ya riƙe makulli. Na tambaye shi cikin ladabi ko an nemi wani abu an rasa, ya ce ba a rasa komai ba, amma ba sai an rasa ake yin hattara ba. Na ajiye. Daga ranar aka hana ni yin allura da raba magani, aka mai da ni ɗaukar fo na bayan gida da canza zannuwan gado. Ban raina wannan aiki ba, da shi na fara, kuma marar lafiya ba ya warkewa a kan jiƙaƙƙen zane. Sai dai ɗalibin da zai fuskanci jarrabawa yana bukatar hannunsa ya saba da allura. Har yau kuma ban gane alaƙar ɓauna da kabad ɗin magani ba.

2. Abin da kwamiti ya rufe a littafinsa, Musiye Louis ya buɗe shi a fili. A taron safe, gaban ɗaliban aji uku, ya karanta kaziye ɗina daga sama har ƙasa, ya ce darasi ne a kan irin mutanen da ke lallaɓowa cikin aikin gwamnati. Daga ranar sunana ya koma Ɓauna. Na 'yan ajinmu bai dame ni ba, wasa ne, kuma wasunsu sun riƙa zuwa a ɓoye suna ba ni haƙuri. Wanda ya yi mini ciwo shi ne na marasa lafiya. Labari in ya ratsa ɗaki biyu yakan canza kama, kafin mako ya zagayo an ce mutum na kashe. Wani tsoho mai ciwon ƙafa, wanda na yi wata guda ina wanke masa gyambo, ya ga na doso gadonsa ya ja mayafi ya rufe ƙafar, ya ce a kira masa wani. Ranka ya daɗe, na fita bayan ɗakin wanki na yi hawaye, ba na jin kunyar faɗa.

3. Ranar 3 ga Maris ya sake kirana, wannan karo da fara'a, har ya nuna mini kujera. Ya ce ya yi bincike a kaina don yana tausayina, kuma ya gano ba ni da laifi. Ya ce kowa ya san halin mutanen dutse na ba da saurayi a madadin magidanci, ya san ni aka bayar, kuma abin takaici ne yaro mai ƙwazo ya lalace saboda wani tsoho da ke kwance a ɗakinsa yana cin tuwo. Ya ce akwai waɗanda za su iya sa a share kaziye ɗin ya koma fari fat, in riƙe makulli, in zauna jarrabawa, har a tura ni aiki duk garin da na zaɓa. Sharaɗi ɗaya ne: in faɗi sunan mai bindigar, da inda take. Ya turo mini wata takarda da aka riga aka buga da tafireta, an bar fili a tsakiya inda sunan zai shiga. Na gode masa, na ce abin da na gaya wa alƙali shi ne abin da nake da shi. Ya yi dariya, ya ce in je in yi tunani, takardar ba za ta gudu ba.

Ina roƙon ka lura da wannan wuri. A watan Janairu an ƙwace mini makulli don na yi laifi. A watan Maris an matsa mini don ban yi ba. Mutum ɗaya ne ya faɗi duka biyun, a ofishi ɗaya.

4. Ranar 22 ga Afrilu, ina tsakiyar canza wa wani yaro zane, aka aiko in zo. Na tarar da Musiye Louis tsaye a bakin taga, a kujerarsa kuwa wani baƙo ne zaune, cikin kaya na gida, ba kaki ba. Ba a gaya mini sunansa ba, ba a gaya mini daga wane ofishi yake ba, ni kuma na san ba a tambaya. Na dai lura Musiye Louis, wanda muryarsa ke kaiwa ɗakin haihuwa in yana faɗa, ranar ko tari bai yi ba. Baƙon ya yi magana a hankali, da ladabi ƙwarai. Ya tambayi lafiyar mahaifiyata, ya kira sunanta, ya ce ya ji tana fama da gwiwa. Ya ce shi ba ruwansa da ɓauna, Allah ya ji ƙanta, an cinye ta. Abin da ya dame shi shi ne harsashin da masu gadin daji suka ciro daga ƙashinta, wanda ba na bindigar toka ba ne, kuma a wannan lokaci da ake rikici a hayin iyaka, gwamnati tana son sanin inda kowace irin wannan bindiga take kwana.

Daga nan ya buɗe wani buhu da ke gefen ƙafarsa, ya fito da bindiga ya shimfiɗa a kan tebur, a inda muke ajiye littattafanmu a sa mana hannu. Ya ce irinta ce aka harbi ɓaunar da ita. Tun da ni na yi harbin, in ɗauka in nuna masa yadda na ɗura harsashi, in na nuna magana ta ƙare. Na dubi bindigar, na mai da hannuwana baya na riƙe. Na ce ina sanye da farar riga, a cikin asibiti, kuma an koya mana abin da hannun ma'aikacin jinya ke taɓawa da wanda ba ya taɓawa. Ya daɗe yana kallona yana murmushi. Ya ce amsar ta yi kyau, shi ma da shi ne haka zai ce. Ya mai da bindigar buhu, ya ce tun da na gaji da tambaya, zai je ya tambayi waɗanda ba su gaji ba.

Ban san dokar da ta yarda a shigo da bindiga makarantar jinya ba. Ban kuma san abin da za a rubuta ba da hannuna ya taɓa ta.

5. Ranar Asabar 10 ga Mayu wata mota marar lamba a gaba ta je Wuro-Sigal. An tara mutane a gindin ƙiryar nan, aka gaya musu cewa ɗansu na Garuwa ya riga ya faɗi komai, abin da ya rage su tabbatar. Wannan ƙarya ce, Allah shi ne shaidata, kuma ita ce ta fi komai ƙona mini rai, domin mahaifiyata tana zaune a wurin, mata suna juyowa suna kallonta. Ba wanda ya ba su suna. Sai aka ɗauki jauro, wato mai garinmu, Wada, dattijon da ya haura sittin, aka tafi da shi. Bayan mako guda aka sauke shi a bakin hanya, ya tako da kansa har gida.

Labari ya iso mini, na nemi izinin ranar Lahadi na shiga motar kasuwa na je. Na tarar da shi kwance rub da ciki. Matansa sun ce ƙaya ce ta yage shi a hanya, shi ma ya ce ƙaya ce. Ranka ya daɗe, na yi wata shida a gidan kaso a hannun Baba Léon, na san ciwon ƙaya, na san wanda ba na ƙaya ba. Biyu daga cikin raunukan sun fara ruwa, jikinsa da zafi. Na ce a kai shi asibiti, ya ƙi, duk garin suka ƙi, suka ce yanzu a asibiti ake yin tambaya. Na tafasa ruwa da gishiri, na yage tsohon zanen mahaifiyata na dafa shi, na wanke na ɗaure. Ban ɗauki ko ƙullin auduga daga makaranta ba. Duk tsawon lokacin da nake aikin bai tambaye ni ko na faɗi wani abu ba, ni ma ban tambaye shi ba. Da na gama ya kama wuyan hannuna ya riƙe, sa'an nan ya sake ni.

Washegari da safe, kafin in sa farar rigata, Musiye Louis ya riga ya san na je, ya san abin da na yi, har launin zanen da na yage. Ya ce yin jinya ba tare da izini ba sabon laifi ne, kuma mai tsohon laifi in ya ƙara, ba wata shida ake ba shi ba. Ya ce ya rubuta takarda a kaina, amma bai aika ba tukuna.

6. Ranar 26 ga Mayu aka liƙa sunayen masu zama jarrabawa a allon sanarwa. Sunana yana nan a bugun tafireta, an ja masa layi da jan biro. Ba a ba ni takardar kora ba, ba a kira kwamiti ba, ba a ce in kare kaina ba. Na je wurin sabon darekta, na tsaya a ƙofarsa har ya fito, ya saurare ni yana tafiya zuwa motarsa. Ya ce maganar ta fi ƙarfinsa, kuma da shi ne ni da ya sa hannu ya huta. Musiye Louis kuwa ya ba ni zuwa Litinin 9 ga Yuni. In na cike filin da aka bari, a goge jan layin. In ban cike ba, takardar da ya rubuta a kaina ta tafi, motar kuma ta koma Wuro-Sigal, wannan karo ba don mutum ɗaya ba.

Tun ranar akwai wani mutum da ke zama a kan benci a ƙofar ɗakin maza. Ba ya jinyar kowa, ba ya jiran kowa. In na wuce da fo yakan gaishe ni da sunana.

Matsayina

Mai girma Sufeto, kai likita ne, ka san abin da ake nema a wurin mai jinya kafin a ba shi farar riga. Ana kwantar masa da mutum tsirara, ana gaya masa abin da ba a gaya wa mata ko miji, don an amince bakinsa zai tsaya a rufe. A shekarar farko an koya mana wannan a aji, har ya fito a jarrabawa. Yanzu makarantar da ta koya mini ita ce ke cewa ba zan zama mai jinya ba sai na nuna cewa in an matsa mini zan ba da mutum. In na yi haka na shiga jarrabawa, ban san da wane ido zan dubi wanda aka kwantar a gabana ba, ban kuma ga ɗan dutsen da zai sake miƙo mini hannunsa in yi masa allura ba.

Ina son wannan aiki, ba zan yi maka alfaharin cewa ba na so ba. Ina kwana da shi ina tashi da shi. Daga garinmu zuwa asibiti mafi kusa tafiyar yini ce a keke in rafi bai kawo ba, kuma tun ranar da na shiga makaranta mutanenmu suka fara tara duwatsu a wani fili kusa da coci, wai ɗakin da zan riƙa duba su. Duwatsun suna nan, na gan su ranar Lahadin da na je. Ina jin tsoro kuma, tsoro ƙwarai. Na san gidan kaso, na kuma ji ana raɗe-raɗin wuraren da suka fi shi nisa. Amma a Wuro-Sigal ba magidancin da bai taɓa ba ni tuwo ba, kuma ba ni da sunan da zan sa a wannan fili sai nawa.

Abin da nake roƙo

Na farko, a ɗauko littafin zaman kwamiti na Satumba, 1977, a karanta abin da aka yanke a kaina. Madam Léontine tana Ngawundere da ranta da lafiyarta, ana iya tambayarta.

Na biyu, in hukuncin kwamitin yana nan daram, a goge jan layin kafin ranar 9 ga wata, a bar ni in zauna jarrabawa tare da 'yan ajina, a kuma janye takardar da aka rubuta a kaina saboda na ɗaure wa tsoho ciwo da zanen uwata. In na faɗi jarrabawar, faɗuwata ce, ba zan sake damun kowa ba.

Na uku, a hana shigo da baƙi da buhunansu cikin makaranta, a kuma janye mai zaman benci daga ƙofar ɗakin maza, domin marasa lafiya daga wajenmu sun daina zuwa, ga shi damina ta kama, lokacin zazzaɓin yara ne.

Na huɗu, in kuwa bayan ka duba ka ga doka ta ce wanda aka taɓa ɗaurewa ba zai taɓa zama ma'aikacin jinya ba, to a rubuta mini haka a fili, da hatimi, a kan laifin da ke cikin kaziye ɗina, ba a kan shirun da na yi ba. Zan karɓa. Zan wanke farar rigata in goge ta in mai da ita ɗakin ajiya da hannuna, in koma gida in gaya wa mutanenmu su yi rumbu da duwatsun. Abin da nake roƙo a madadin haka shi ne ka yi amfani da girmanka, duk inda maganarka ke kaiwa, kada motar nan ta koma Wuro-Sigal. Hukuma ta zo ta ce a ba ta mutum ɗaya, an ba ta, ta karɓa, alƙali ya sa hannu. Ɓaunar guda ɗaya ce, ranka ya daɗe, kuma an riga an yi zamanta.

Da kaina zan kawo wannan takarda in miƙa wa masinjanka, ban bar kwafinta a ko'ina ba. Ina ɗakin maza kullum daga safe har la'asar. In ka aiko nemana bayan ranar 9 aka ce maka na gudu gida ko na tsallaka iyaka, ina roƙon kada ka yarda, domin ba inda za ni da ƙafata.

Ka huta lafiya, Allah ya ƙara maka girma, ya sa ka gama da aikinka cikin mutunci.

Ni ne mai biyayya gare ka,

Zacharie Viché
Ɗalibin shekara ta uku, wanda ya harbi ɓauna a Wuro-Sigal.